Gaisuwa a Tsaye

Tun da na yi wayo ban taɓa gaida mahaifina a tsaye ba. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga doka, haka muka tashi muka ga ana yi: ka cire takalmi a bakin rumfa, ka matso, ka tsuguna har ka kusa zama a kan dugaduganka, sannan ka buɗe baki. Da idonsa ya tafi sai gaisuwar ta samu ƙari. In ka tsuguna yakan miƙo hannun dama, ba ya lalube, kai tsaye hannun yake sauka a kanka, don ya san daidai inda kan kowane ɗansa yake tsayawa. Ni yakan ture mini hula, ya shafa sanƙona, ya ce, "Gonar nan kullum faɗi take ƙarawa, amma har yau ba a kawo mana doyarta ba." Sai ya sa albarka. Na haura hamsin a lokacin, da 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, kuma saboda wannan hannun nake barin Kwamba duk bayan mako biyu in tafi ƙauyenmu da ke bayan Izom.

A Abuja nake aiki, a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata. A unguwar Kwamba ta Suleja nake haya, kamar sauran irina da Abuja ke so da rana amma ba ta da wurin kwanansu. Baba kuwa manomin doya ne har idon ya hana shi, kuma ƙanwata ce ke kula da shi tun da mijinta ya rasu ta dawo gida.

Wata Asabar bayan an cire doya na je kamar yadda na saba. Ina cikin sauka ƙasa sai na ji ƙas a bayan gwiwata ta hagu, can ciki. Zafin bai zo nan take ba, ƙafar dai ta zama kamar aro na yi. Baba ya ji, don tun da ya daina gani babu ƙarar da ke wuce shi.

"Mene ne ya karye?"

"Kara na taka, Baba."

"A rumfata? Ƙanwarka ta share ta da safe."

Bai ja maganar ba. Ya ture hular, ya yi zancen gonarsa, ya sa albarka. Da zan tashi sai da na rungumi ginshiƙin rumfa. Wannan ce ƙaryar farko da na yi masa a kan gwiwar, kuma ban ma lura na yi ta ba.

Washegari gwiwa ta kumbura. Maƙwabcina ya kai ni wurin wani mai ɗori a Gauraka, bayan garejin makanikai. Mutumin ya matsa nan, ya matsa can, ya ce targaɗe ne. Ya sa ƙato biyu suka danne ni a kan tabarma, ya ja ƙafar har na ambaci sunayen Allah da ban san na haddace ba, ya shafe ta da man shanu ya ɗaure. Sau uku na koma. Ba na zaginsa, na ga mutanen da ya ɗora wa karaya suna tafiya da ƙafarsu. Abin da ke damuna ne ba ya inda hannunsa zai kai.

Daga nan na yi hoton ƙashi a wani asibiti a cikin gari. Aka ɗaga shi a hasken taga aka ce ƙashi lafiya lau, in sha maganin ciwon jiki in rage nauyi. Da takardar ta ce lafiya, kowa ya huta sai ni. A ofis suka fara ce mini tsufa ne ya yi sallama. Matata ta ce ko sanyi ne. Ni kuma kullum da asuba in cusa kaina a bayan mota, mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwa a lanƙwashe tun daga Suleja har Abuja, in an iso sai kowa ya fita ya bar ni ina lallashin ƙafa. Banɗakin gidan hayarmu na tsuguno ne, wannan ba sai na yi bayani ba. Sau biyu na je ƙauye a haka, na tsuguna a gaban Baba da nauyina duka a ƙafar dama, na cije leɓe har ya gama sa albarka.

Wata na biyu aka tura ni wurin likitan ƙashi a wani babban asibiti a Abuja. Matashi ne, da ƙyar in ya girmi babban ɗana da shekara goma, yana ce mini Alhaji, ni da ban taɓa shiga filin jirgi ba sai rakiya. Ya kwantar da ni, ya danna yatsa a gefen gwiwar ta ciki, ya lanƙwasa ta ya murɗa, na ɗaga daga gadon ban shirya ba. Ya tambaye ni ko na ji wata ƙara ranar da abin ya faru, kuma me nake yi. Na ce tsugunawa nake. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da yake jira, ya rubuta mini wani hoton, wanda ake tura mutum cikin na'ura mai kama da rami tana ta bugun ƙarfe a kunnensa.

Da sakamakon ya fito ya juyo da kwamfutarsa wajena.

"Alhaji, ka san gammo?"

Na ce a ƙauye aka haife ni.

"To, tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu, kowanne kamar rabin gammo. Su ke ɗaukar nauyinka. Kowanne yana da saiwa gaba da baya, inda ya kama ƙashi. Naka na ciki, saiwar baya ce ta tsinke. Shi gammon yana nan, amma ba abin da ke riƙe da shi. Duk sanda ka taka sai ya zame gefe, ƙashi ya hau ƙashi."

Ya nuna mini hoto ɗaya mai ɗan baƙin abu mai kusurwa uku, ya matsa zuwa na gaba, wurin ya zama fayau sai hazo. Ya ce nan ya kamata a gan shi, ba ya nan. Hoton farko ƙashi kawai yake gani, shi ya sa ya ce lafiya. In aka bar shi haka, cikin 'yan shekaru gwiwar za ta cinye kanta, sai dai a sa ta ƙarfe. Amma ƙashina bai riga ya goge ba, ƙafar kuma ba ta yi gwame sosai ba, don haka ana iya ɗinke saiwar a mayar da ita mazauninta.

Sai ya shiga sharuɗɗa. Mako shida ƙafar ba za ta taɓa ƙasa da nauyi ba, sanduna biyu da abin ɗaure gwiwa mai ƙarfe a gefe. Ba za ta lanƙwashe fiye da zaman kujera ba. Tsuguno kuwa sai bayan wata shida.

"Wannan shi ne babba," ya ce. "No squatting, ko sau ɗaya. In ka tsuguna kafin ya kama, zaren zai yanke naman ya fita, kuma ba kullum ake samun abin sake ɗinkewa ba."

Na tambaye shi salla, ya ce a kujera. Na tambaye shi banɗaki, ya ce akwai kujera mai rami, ana sayarwa. Ban tambaye shi gaisuwa ba. Ta zo mini a rai, na duba agogon hannunsa da layin da ke jiransa a waje, na bar ta.

Mahaifiyarmu a ɗakin tiyata ta rasu. Aikin ciki ne, ba laifin kowa, ta shiga tana yi mana faɗa a kan awakinta, ba ta fito ba. Tun daga ranar Baba ba ya son jin kalmar aiki in ba na gona ba, kuma ya faɗa a gaban kowa cewa ba za a sake sa wa wani nasa wuƙa yana raye ba. Ga shi da hawan jini. Da na kira ƙanwata na gaya mata abin da likita ya ce, sai ta ce, "Yaya, in ya ji an yanka ka wallahi kwanciya zai yi. Kada ka faɗa masa."

A wurinmu ba a ɗaukar wannan a matsayin ƙarya. Ana ɓoye wa tsoho rashin lafiya kamar yadda ake ɗauke masa kaya mai nauyi, kuma wanda ya kai masa labari shi ake ganin ya yi rashin hankali. Muka shirya cewa ofis ya tura ni kwas Legas. Zan riƙa kiransa a wayar ƙanwata, tunda a waya ba a sanin mai magana a tsaye yake ko a kwance.

Ranar aikin aka yi mini allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Na ga an ɗaga wata ƙafa an shafe ta da ruwan magani mai launin ƙasa, sai daga baya na gane tawa ce. Likita ya ce in ina so in kalla, ga talabijin nan. Ƙananan ƙofofi biyu ya huda, ya tura kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayar. Cikin gwiwata fari ne tas, ban zaci haka ba. Ya sa wani ɗan ƙugiya ya taɓa saiwar, ta ɗaga tana lilo a cikin ruwa. Ya kankare wurin da za ta zauna, ya huda rami ta cikin ƙashin ƙwauri har zuwa wurin, ina jin gadon yana rawa amma ba na jin komai a jikina. Ya soka zare a saiwar sau biyu, ya jawo shi ta ramin, naman ya sauko ya kwanta inda aka ce masa. Ya ɗaure zaren a kan wani ɗan maɓallin ƙarfe a gaban ƙwaurina. Har yau in na shafa ina jin maɓallin.

Na yi tunanin zan tuna da mahaifiyata a ɗakin nan, har na shirya wa hakan. Ban tuna ta ba. Abin da na yi ta tunani shi ne wani fayil da na bari a kan tebur ban mayar ba.

Da yamma ƙafar ta dawo da zafinta duka. Amma wani abu daga allurar nan kamar bai sake ni ba, ya bar ƙugu ya hau sama ya zauna. Mako shida na yi a ɗakinmu na Kwamba, ƙafa a kan matashi, ina jin masu keke mai ƙafa uku suna faɗa da fasinja a bakin layi, ina jin matan gidan suna rabon layin famfo. Matata ta yi hidimar da ba zan iya biyanta ba, ina ce mata sannu, ina jin kalmar tana fita kamar daga bakin wani. Ban yi baƙin ciki ba, ban yi murna ba. In an kawo abinci in ci.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan kira Baba.

"Yaya Legas ɗin?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ka ga ruwan?"

"Na gani."

"Yaya yake?"

"Da yawa, Baba."

Ina faɗar haka ina kallon silin ɗinmu inda ruwan sama ya yi masa taswira. Ya yi dariya ya ce wanda ya yi boko har aka tura shi Legas, abin da zai iya cewa a kan teku ke nan.

Bayan mako shida aka fara gashin ƙashi a asibiti. Cinyata ta tsotse ta koma kamar ta yaro, wata ma'aikaciya mai tsawa ta koya mini taka ƙasa daga farko. Na yar da sanda ɗaya, na koma aiki ina biyan kujerar gaba. A mako na goma sha ɗaya ƙanwata ta kira ta ce abin ya fara ƙin ɓoyuwa, Baba ya ce wane irin kwas ne wannan da ba shi da Asabar. Ta ce in zo ko na awa ɗaya ne.

Mun shirya komai ban da abu ɗaya. Na bar sandar a zaure don kada ya ji ƙwanƙwasarta. Na sa wando mai faɗi a kan abin ɗaurin. Na cire takalmi a bakin rumfa, na yi sallama, na matso. Yana zaune a kan buzunsa inda yake zama kullum. Sai a nan, ina tsaye a gabansa, na gane ba mu yi maganar yadda zan sauka ba. Na yi tunanin in zauna a ƙasa in miƙe ƙafar, amma miƙe wa uba ƙafa ya fi tsayuwa muni, kuma hannunsa zai iya cin karo da ƙarfen. Na rusuna daga ƙugu iya yadda zan iya, na ce, "Barka da hutawa, Baba."

Hannunsa ya riga ya taso. Ya zo daidai inda kaina yake tsayawa shekara da shekaru, bai sami komai ba. Ya tsaya a wurin, a buɗe. Na ga ya ɗan karkata kunne, ya ɗaga fuska sama zuwa inda muryata ta fito. Sannan ya mayar da hannun kan gwiwarsa a hankali.

"Ka iso?"

"Na iso, Baba."

"Madalla." Ya juya wajen ƙofa ya kira ƙanwata. "A kawo wa baƙo ruwa."

Maganar tana bakina. Kalma nawa ce? An yi mini aiki a gwiwa, na warke, likita ne ya hana. Ƙanwata tana tsaye a bayansa da kofi, tana girgiza mini kai, ta dafe ƙirji tana nuna shi. Ni kuma na yi lissafi irin na ma'aikacin ofis: saura wata uku da 'yan kwanaki. Zan zo in tsuguna, ya ɗora hannu, sannan in ba shi labarin duka tun daga karan da na ce na taka, ya zage ni ya yi dariya. Na ga kamar shiri ne mai kyau. Na sha ruwan a tsaye ina kallon wata kaza tana tonon gindin turmi, kuma ban ji komai ba.

Da na koma bayan mako biyu na tarar da farar kujerar roba a rumfar, sabuwa, ledar kasuwa ba ta gama fita daga ƙafafunta ba. A rumfar Baba ba a taɓa ajiye kujera ba. Na tambayi ƙanwata a zaure, ta ƙi kallona.

"Shi ya aika aka sayo a Izom ranar kasuwa."

"Ya ce me?"

"Ya ce yayanki ya zama babban mutum, ƙasa ba ta yi masa yanzu. Kada a riƙa barinsa a tsaye."

Na shiga na zauna a kanta. Sau huɗu na zauna a kujerar nan a gabansa, kaina sama da nasa. Yakan amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi zancen irin doya da wanda ya ba aron gona. Bai taɓa yi mini gori ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Hannun dai bai sake tasowa ba. Sau ɗaya na zame zuwa bakin kujerar na sunkuyar da kai kusa da shi, ko zai ji numfashina ya miƙo. Ya ji, na san ya ji. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Saura mako uku wata shidan ya cika, ina cikin mota a cunkoson Gauraka da safe za ni aiki, ƙanwata ta kira. Ta ce Baba ya yi sallar asuba, ya ce zai ɗan kishingiɗa, bai tashi ba. Na ce wa direba ya sauke ni. Na tsallaka titi a hankali, ina kula da inda nake sa ƙafar hagu kamar yadda aka koya mini, na tsaya jiran motar Izom.

A maƙabarta babban ɗa ne ke shiga kabari ya karɓi mahaifinsa. Na matso bakin ramin, wani dattijo abokin Baba ya riƙe mini hannu ya ce, "A'a, kai da ƙafarka. Bari ɗan ƙanensa ya shiga." A nan na gane duk ƙauyen sun san an yi mini aiki. Liman ya sani, masu shago sun sani, matan da ke kawo masa kunu sun sani. Kowa ya riƙe bakinsa saboda tausayinsa, kuma kowa ya ga ya kyauta. Shi kaɗai ya tafi da sanin cewa ɗansa ya je Legas ya dawo ya fi ƙarfin tsugunawa. Abin da muka yi ta tsoron zai kashe shi bai ma kai kunnensa ba.

A zaman makoki mutane suna kan tabarmi, aka fito mini da farar kujerar. Kwana uku ina karɓar gaisuwa a kanta. Ana cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Ƙanwata ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce ita ta jawo. Na ce mata ba ita ba ce, mu biyu ne, kuma ni ne mai bakin. Na jira nawa kukan bai zo ba.

Ranar da wata shida ya cika na koma asibiti. Likita ya duba sabon hoto ya ce saiwar ta kama. Ya danna inda ya taɓa dannawa, ya murɗa, ban motsa ba. Ya ja kujerarsa baya don ya ba ni fili.

"To Alhaji, cire takalmi. Tsuguna mu gani, a hankali."

Na cire takalmin na ajiye gefe. Na matso, na sauka. Ina jiran ƙas, ba ta zo ba. Na sauka har na kusa zama a kan dugadugaina, gwiwar ta ɗauke ni ba gardama. Likita ya ji daɗi ƙwarai, ya leƙa waje ya kira wani abokin aikinsa ya zo ya gani, suna magana da Turanci a kaina.

"Shi ke nan, Alhaji, kana iya tashi."

Ban tashi ba. Ya sake faɗa, sannan ya sunkuyo ya tambaye ni ko wani wuri ne ke ciwo. Sai a lokacin na lura na ture hulata da kaina, tana hannuna, na miƙa kai gaba ina jira.

Na ce masa babu inda ke ciwo.